Yadda Na Naɗa Sabi'u Darakta

A duk Hausawan da suka taɓa taka Dubai, babu wanda ya ɗaukaka mutane kamar ni. Cikin shekara biyu kacal na naɗa daraktoci goma sha ɗaya, manajoji bakwai, da injiniya guda wanda har yau bai san ta inda ake tayar da janareta ba. Ban karɓi sisin kowa ba, ban nemi takardar kowa ba. Mutum zai wuni yana ɗaurin kwali, kashegari ya tashi yana shugabantar sashen Afirka ta Yamma gaba ɗaya. Duk wannan aikin da yatsa biyu na yi shi a kan waya, ina zaune a gadon sama a wani ɗaki a unguwar Satwa da mu shida muke rabawa, kaina a sunkuye don kada fanka ta yi mini aski. Ku 'ya'yana kun taso kuna jin ana kirana Edita, ke kuma Hafsatu na san har a takardar makaranta kin taɓa rubuta cewa babanki darakta ne. Don ku na rubuta wannan babin, gara ku ji daga bakina kafin ku ji daga bakin waɗanda har yanzu ba sa amsa sallamata.

Bari in fara da gyara maganar kwalejin da na yi karatu a Dubai. Na sha gaya muku cewa sai da mota ake zagaya ta. Haka ne, da mota ake zagaya ta, saboda babu wurin ajiye mota a gabanta. Hawa biyu ce a saman wani shagon tayoyi. Akwai lifta, amma a shekara biyun da na yi sau ɗaya na ga ta motsa, shi ma ƙasa ta yi da mai gyaran. Filin wasanmu teburin ƙwallon tebur ne guda ɗaya a bakin bene, in ƙwallon ta kuɓuce sai an sauka har wajen masu tayoyi a roƙo ta. Masallacinmu wani lungu ne a bayan injin fotokwafi, mutum uku yake ci, shi ya sa sallar la'asar ɗinmu takan kai jam'i huɗu. Ɗalibai kuwa duk ma'aikata ne masu furfura: 'yan Kerala ta Indiya, 'yan Filifin, 'yan Pakistan, Sudanawa, sai mu. Muna zuwa ranar hutu da wasu yammaci bayan an tashi daga aiki, kowa da kofin shayin karak a hannu, muna neman difloma a harkar kago, wato aika kaya ƙasashe, da ajiyarsu. Ina yi wa wurin dariya, amma kada ku yarda wani ya taya ni. A wajen aiki sunana “Najeriya, zo nan”. A wannan benen ne kaɗai ake kirana Garba Sule, a jira in gama magana, har a ce ra'ayina yana da kyau. Mutum mai shekara arba'in da ɗoriya ya san darajar wannan.

A nan na haɗu da Sabi'u. Mutumin Kura ne, dogo, mara magana, in ya yi dariya sai ka duba fuskarsa sosai kafin ka tabbatar. Motar ɗaga kaya yake tuƙawa a wani sito a Dubai Investments Park, yana kwana a Sonapur, inda ake jibge leburori. Kafin ya iso aji sai ya hau bas biyu da jirgin ƙasa, amma bai taɓa makara ba. Shi ne na ɗaya a ajinmu, ni kuma na kusa da na ɗaya, wato a wajen zama. Rabin difloma ta daga littafinsa ta fito. Abu ɗaya na lura da shi ban fahimta ba: ba ya iya zama fiye da minti ashirin. Sai ya miƙe ya koma bayan aji ya jingina da bango, ya ci gaba da rubutu a tsaye. Na sa masa suna Maigadin Aji, kowa ya ɗauka, har malamai. Shekara biyu ina kiransa haka, ko sau ɗaya ban tambaye shi abin da ke hana shi zama ba.

Da muka gama, sai aka ce mun zama tsofaffin ɗalibai. Ofishin tsofaffin ɗalibai tebur ne guda ɗaya kusa da tulun ruwan sanyi, wata Ba'indiya mai suna Madam Shanti take riƙe da shi. Duk wata uku takan fitar da 'yar takardar labarai da Turanci: wane ya samu aiki, wance ta haihu, an gyara na'urar sanyaya ɗaki ta aji na biyu, an karɓi sababbin ɗalibai. Ta ga bakina ba ya hutawa, sai ta ce in riƙa tattaro mata labaran 'yan Najeriya. Na tattaro shafi uku. Da takardar ta fito, kowannenmu layi ɗaya ya samu. “Nura yana nan a wajen aikinsa.” “Garba yana nan a wajen aikinsa.” Na ce wannan ai ba labari ba ne, rajistar gidan yari ce. Ranar na buɗe tamu ta Hausa, shafi biyu, ina tura ta a zauren WhatsApp ɗin 'yan ajinmu da waɗanda suka biyo bayanmu.

Dole in yi muku bayanin kwat ɗin. Lokacin bikin yaye mu an ce kowa ya kawo hoto da kwat. Babu mai ita a cikinmu, sai muka haɗu muka sa wani tela a Satwa ya ɗinka guda ɗaya, shuɗiya, maɓallinta na ƙasa bai yi kama da sauran ba. Da jikin Alhaji Nura aka auna, shi ne mai tumbin ajinmu, saboda haka duk wani siriri sai an tattare masa ita ta baya da abin maƙale shanya. A wajena take zama. Duk wanda zai fito a takardata sai mu haɗu a kwaleji ranar hutu, ya saka kwat ɗin ƙungiya, ya zauna a kujerar Madam Shanti mai juyawa, taswirar duniya a bayansa, ya riƙe biro kamar zai sa hannu a sayar da birnin Sharjah. Ni kuma in rubuta sauran. Kada ku ɗauka mugunta ce. Kowannenmu ya san tambayar da ke jiransa a gida: to, karatun me ya haifar? Abin da ya haifar shi ne satifiket a cikin leda a ƙasan akwati. Ni na ba mutane amsar da za su tura wa surukansu. Har kamun ƙafa ake yi a wajena. Alhaji Nura da na ba shi manaja sai da ya kira ni ya ce, “Habibi, manaja kawai? Ni da aka auna kwat ɗin da jikina?” Fitowa ta gaba na ƙara masa girma. Kaina ma ban manta da shi ba, a fitowar farko na naɗa kaina.

Sabi'u kaɗai ya ƙi. Duk lokacin da na ce layi ya zo kansa, sai ya ce, “Edita, bar ni a inda Allah ya ajiye ni.” Abin ya riƙa ci mini rai. Mutumin da ya fi mu duka ƙoƙari, a ce masu kwafar littafinsa sun zama daraktoci shi yana nan? Rannan na ɗauko hotonsa na bikin yaye mu, wanda yake sanye da kwat ɗin, na yi masa rubutun da ban taɓa yi wa kowa ba. Na naɗa shi Babban Darakta mai kula da dukkan rumbunan ajiya na kamfaninsu. Na ba shi ma'aikata ɗari uku. Na ce idan ya shigo sito, Balarabe da Bature kowa kaucewa yake yi, wanda a gaskiya haka ne, don motarsa ba ta da birki mai kyau. Na karanta sau biyu, har ƙwalla ta zo mini saboda daɗin Hausata. Ban tambaye shi ba na tura.

Bayan kwana goma ya zo Satwa ranar hutu. Bai taɓa zuwa inda nake ba. Muka sauka wani ɗan shagon shayi, na ja masa kujera, ya ce zai tsaya.

“Ranka ya daɗe, Darakta,” na ce, “ai sai a zauna ko don talakawa su samu albarka.”

“Garba, wa ya ce ka rubuta?”

Bai kira ni Edita ba. Na ce masa kyauta ce, kuma ban ƙara komai ba sai abin da ya cancanta. Ya ajiye kofinsa bai sha ba, ya ba ni labarin da ya kamata in nema tun muna aji. Bayansa ne. Shekarun da ya yi a kan motar nan tana girgiza shi sun taɓa masa ƙashin baya, likita ya ce in ya ƙara shekara biyu a kanta, da wuya ya ƙare da ƙafafunsa. Don ya samu aikin tebur ya shiga kwalejin, aikin tebur bai zo ba. Kwantiraginsa zai ƙare ƙarshen wata mai zuwa, kamfani yana jiran ya ce zai sabunta ko zai tafi. Wata shida ya yi yana lallaɓa mahaifinsa, Malam Haladu, a kan ya bar shi ya dawo Kura su riƙe gonar noman rani tare. Bai gaya masa ciwon ba, don tsohon yana da hawan jini. Ya dai ce ya gaji, kuma 'yarsa ta ƙarshe ta fara tafiya bai gani ba. Tsohon ya kusa yarda. Sai takardata ta bi ta wayar wani, ta faɗa wayar wani, ta isa hannun Malam Ado, mijin yayarsa, malamin firamare. Malam Ado ya buga ta a takarda, ya karanta wa jama'a a ƙofar masallaci bayan Juma'a, Malam Haladu yana zaune a tsakiya ana miƙa masa hannu.

“Jiya ya kira ni,” in ji Sabi'u. “Ya ce in na bar kujerar da Allah ya ba ni na dawo tsinkar tumatir, bai yafe ba.”

“To ka ce masa wasa ne mana.”

“Na faɗa. Ya ce tun ina yaro haka nake, ko na ɗaya na zo a makaranta sai dai ya ji a gari.”

Na ce khalas, wato an gama, ya bar mini, ni da na ɗaura ni zan kwance, minti biyar ya ishe ni. Ku lura, ko a wannan lokacin da cika baki na fara. Muka kira Malam Ado, ya kai wa tsohon waya. Na gaishe shi da ladabi, na ce ni ne Garba mai takardar nan.

“Kai ne? Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ka faranta mini.”

“Baba, abin da na kira in faɗa ke nan. Duk abin da na rubuta ƙarya ne. Sabi'u ba darakta ba ne, direban motar ɗaga kaya ne.”

Na ji akuya tana kuka a can Kura.

“Kai wane aiki kake yi a can?”

“Ina auna kaya a ofishin kago, Baba, in ɗaure kwali in rubuta sunan mai shi.”

“To na gane. Tare kuka yi karatu, shi Allah ya ɗaga shi, kai kana ɗaurin kwali. Ɗan nan, ka riƙa yawan istigfari. Hassada ba ta kai mutum ko'ina.”

Ya miƙa wa Malam Ado waya. A rayuwata na yi ƙarya ta cika kwantena, an karɓa an yi mini godiya. Ranar farko da na faɗi gaskiya tsirararta, ranar aka ce ni mahassadi ne. Ban karaya ba. Na tattara hotunan daraktocina goma sha ɗaya na tura wa Malam Ado, na ce ya nuna wa Baba, ya duba da kyau: kwat ɗaya ce, kujera ɗaya, taswira ɗaya, ga maɓallin nan na ƙasa da ya fita daban. Da yamma Malam Ado ya turo saƙon murya. Ya ce Baba ya duba, ya ce ai ko 'yan sanda kaya iri ɗaya suke sakawa, balle daraktoci. Wai Baba ya ƙara da cewa a cikinsu duka Sabi'u kwat ɗin ta fi yi wa kyau.

Na kira mamanku ina neman wanda zai tausaya mini. Na ba ta labari da ɗan gishiri, yadda zan fito a matsayin wanda alherinsa ya zame masa laifi. Ta saurara har ƙarshe, ina jin ƙarar ludayi a tukunya.

“Malam, ni tun zuwanka hutun farko da na ga tafin hannunka na san ba biro kake riƙewa ba. Na yi shiru ne saboda yara.”

“To ai kin ga ban cuci kowa ba.”

“Taka ƙaryar kai kake ɗauke da ita, ba ta da nauyi. Shi wannan bawan Allah da bayansa zai ɗauki wadda ka yi masa.”

Saura mako biyu Sabi'u ya ba kamfani amsa, kuma ya gaya mini ya yanke shawara zai sabunta. Ba zai koma gida da fushin mahaifi ba, ko da a keken guragu zai ƙare. Na san shi, in ya faɗa ya gama. Juma'ar nan bayan an sauko daga masallaci na hau bas zuwa Sonapur. Shekarata goma sha wani abu a Dubai, ban taɓa shiga ɗakinsa ba. Gadaje huɗu ne masu hawa biyu, mutum takwas. Takalman aiki a jere a ƙofa, kaya a rataye a igiya daga gado zuwa gado, tukwane a ƙarƙashi. Gadon Sabi'u na sama ne, amma akwatinsa ne a kai. Shi a ƙasa yake kwana, a kan kwalaye da ya shimfiɗa tsakanin gado biyu, don ya fi shekara ba ya iya hawa. A ƙuryar ɗakin akwai wani bango guda da suka yi wa fenti da kansu, suka rataya labule mai ruwan zinare da agogo. Sunansa bangon waya. Duk wanda zai yi kiran bidiyo da gida, ɗan Nepal ne ko ɗan Bangladesh ko namu, a nan yake zama, iyalinsa su ga labule da agogo. Na tsaya ina kallon bangon nan, na ga ashe ba ni kaɗai ne edita a Dubai ba. Bambancin kawai, su kansu suke yi wa.

Na ce masa mu kira Baba da bidiyo, amma ba a bangon waya ba. Ya ce a'a, hawan jinin tsohon. Na ce in ya ga ɗansa a keken guragu bayan shekara biyu, jinin sauka zai yi? Ya daɗe yana kallon kwalayensa. Daga baya ya ce in bari ya saka farar rigarsa tukuna, ba zai gana da mahaifinsa da singileti ba. Ya saka, ya zauna a kan kwalayen, ya jingina da ƙafar gado. Na riƙe wayar. Malam Ado ya ɗauka, ya kai wa tsohon a zaure. A ranar na fara ganin Malam Haladu: ɗan ƙaramin tsoho, farin gemu, tabarau ɗaure da zare. A bangon da ke bayansa ga takardata a cikin gilashi.

Suka gaisa. Ban ce komai ba, wanda shi ma tarihi ne. Na juya wayar a hankali, ta bi gadaje, ta bi igiyar kaya, ta bi takalma, ta bi rigar aiki mai ɗaukar ido da hular kwano a rataye a ƙusa, ta dawo kan Sabi'u a ƙasa.

“Ina ne nan?” in ji tsohon.

“Ɗakina ne, Baba.”

“Ɗakin masu gadinka dai.”

“Nawa ne. Nan nake kwana, a ƙasan nan.”

Tsohon ya matso da fuskarsa har tabarau ya cika wayar.

“Sabi'u, tashi tsaye in gan ka.”

Na sha ganin Sabi'u yana miƙewa daga kujera a aji, ban taɓa ganin ya tashi daga ƙasa ba. Ya juya gefe, ya dafa ƙasa da gwiwa ɗaya, ya kama ƙarfen gado da hannu biyu, ya tsaya a haka yana numfashi. Wani ɗan Nepal da ke kwance ya taso zai kama shi, ya girgiza masa kai. Ya ja jikinsa sama kaɗan kaɗan, gumi yana tsattsafo masa a goshi, har ya miƙe, ya gyara wuyan farar rigarsa, ya saki ƙarfen don mahaifinsa ya ga yana tsaye da kansa. Ni da nake cewa komai minti biyar ne, wannan tashin na ɗauka shekara ya yi.

“Tun yaushe?”

“Shekara biyar, Baba.”

“Shekara biyar.” Tsohon ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. “Ka tattaro kayanka. Na janye abin da na faɗa, Allah ya yi maka albarka. Ina mai takardar?”

Na juyo da wayar kaina, na ce ga ni, Baba.

“Na ce maka mahassadi, ka yafe mini. Maƙaryaci ne kai, ba mahassadi ba. Yanzu saurara. A ƙofar masallaci aka karanta takardarka, mutane suka ba ni hannu. Ba zan tashi da gemuna in ce musu ɗana ya yi ƙarya ba, don bai yi ba. Abin da ka rubuta da takarda, da takarda za ka goge shi. Ka sa sunanka a ƙasa, Ado ya karanta a inda ya karanta ta farko, kafin yaron nan ya sauka.”

Kwana uku na yi a kan rubutun da bai kai rabin shafi ba. Duk jimlar da na fara sai ta nemi ta yi ƙiba, in kamo ta in rage. Ga abin da ya fita a ƙarshe, har yau yana cikin wayata:

“Ni Garba Sule, ni na rubuta cewa Sabi'u Haladu darakta ne. Ba gaskiya ba ne, kuma bai san na rubuta ba. Direban motar ɗaga kaya ne, ya yi aikinsa da amana har ya samu ciwon baya, zai koma gida. Shi ne na ɗaya a ajinmu, wannan gaskiya ne. Kwat ɗin da ke jikinsa a hoto ta ƙungiya ce, ita ce duk wanda ya fito a takardar nan yake sakawa. Ni ma ba darakta ba ne, kwali nake ɗaurewa.”

Jimlar kwat ɗin nan ita ta kashe ni. Na saka ta ne don mutanen Kura su gane hoton, ban yi tunanin mutanen Gwarzo da Funtuwa da Azare su ma suna da ido ba. A wuni ɗaya na sauke daraktoci goma sha ɗaya da manajoji bakwai, ko gwamnatin soja ba ta taɓa yin irin wannan kora ba. Alhaji Nura ya kira, ko sallama babu.

“Kai wa ya aike ka? In za ka tuba, ka tuba da naka zunubin mana. Surukina ya kira ni yana tambaya ko wandon ma na ƙungiya ne.”

Yana da gaskiya, kuma na gaya masa haka. Asirin Sabi'u da nawa nake da ikon buɗewa, na sauran ba nawa ba ne. Kafin la'asar an cire ni daga zauren da ni na buɗe shi. Aka aiko a karɓi kwat ɗin. Wasu sun huce daga baya, har mukan yi dariyar abin in mun haɗu wajen shan shayi. Mutum huɗu har yau in sun hango ni a unguwar Deira sai wayarsu ta yi ƙara. Takardar Hausa ta mutu daga ranar. Ta Madam Shanti tana nan tana fitowa, kuma duk wata uku nakan ga layina: Garba yana nan a wajen aikinsa. Yanzu in na karanta nakan ce alhamdu lillahi, labari ne mai kyau. Mamanku ta sha tambayoyi a gidan biki, ba ta taɓa kawo mini ƙorafi ba. Ku kuwa kuna ƙanana, muka bar ku da daraktanku, kuma wannan shirun laifina ne, ba nata ba.

Sabi'u ya tafi a ƙarshen watan. Ni na ɗaure masa kayansa, kuma ina tabbatar muku ba a taɓa ɗaure kwali irin wannan ba tun da aka kafa filin jirgin Dubai. Bayan mako biyu ya kira ni daga Kura. Ya ce ana yi masa gashi, yana zuwa asibiti a Kano, gona kuma a tsaye yake kula da ita, ba ya sunkuyo. Ya ce 'yar tasa kwana uku tana gudunsa, ran na huɗu ta kawo masa takalminsa. Na ji daɗi har na fara dawowa hayyacina, wato na fara jin cewa ni na yi komai. Na tambaye shi ko an karanta takardar gyaran. Ya ce an karanta tun kafin ya sauka. Na ce to yaya jama'a suka ji? Don a raina na riga na hango dattawan Kura suna share hawaye, suna cewa har yanzu akwai masu gaskiya a duniya, wataƙila ma a sa wa wani jariri Garba.

“Ga Baba, ya ce shi zai gaya maka.”

Na gyara zama, na gyara murya, na gaishe shi.

“Malam Garba, an karanta, Allah ya saka da alheri,” in ji tsohon. “Amma ta farkon nan sai da aka sa Ado ya maimaita sau uku. Wannan kuwa bai kai ƙarshe ba mutane suka fara neman takalmansu. Ashe kai in ba ƙarya kake yi ba, ba ka iya rubutu ba.”